Tsoro na Daji, Kunya ta Gida: Matsayin Gida da Daji a Cikin *Things Fall Apart* na Chinua Achebe

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce tsoro na daji, kunya ta gida. Abin da wannan karin magana ke nunawa shi ne cewa rayuwar ɗan Adam ta kasu wuri biyu, kuma kowane wuri da abin da ke tsare mutum a cikinsa. A daji mutum ransa yake kiyayewa daga namun dawa da iskoki da ɓatan hanya. A gida kuwa mutuncinsa yake kiyayewa daga idon dangi da bakin maƙwabta. Wannan rabo bai tsaya ga Bahaushe kaɗai ba, domin duk al'ummar da ta sare itatuwa ta kafa gari sai ta shata iyaka tsakanin inda ake zama da inda ake tsoro.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi amfani da wannan ma'auni na gida da daji don a sake duban ƙagaggen labarin Chinua Achebe mai suna *Things Fall Apart*. Sau da yawa idan ana koyar da littafin akan taƙaita jigonsa da cewa karo ne tsakanin al'adar Ibo da ta Turawa. Wannan gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana dalilin da ya sa ɗan farin Okonkwo ya bi 'yan mishan tun bai fahimci aƙidarsu ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa addinin Kirista ya sami gindin zama a cikin labarin domin ya je ya zauna a wurin da gida ke zubar da mutanensa, ya mai da wurin gida a gare su. Za a kuma auna jaruntaka iri biyu da suka yi karo a kan wannan iyaka, sa'an nan a nuna inda kowace ta gaza.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Achebe a Ogidi, kusa da Anacha, a 1930, ya rasu a Amurka a 2013. Mahaifinsa malamin coci ne a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta C.M.S., wadda ta kafa tasharta a Anacha tun 1857 a hannun Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor. Ke nan marubucin ya tashi a gidan Kirista, yana kewaye da dangin da ba su bar addinin gargajiya ba, ya san ɓangarorin biyu sanin ido. An buga littafin a Landan a 1958. Yana da babi 25 a kashi uku: zaman Okonkwo a Umuofia, gudun hijirarsa na shekara 7 a Mbanta garin mahaifiyarsa, da komowarsa gida.

Ya kamata a lura cewa ƙasar Ibo kurmi ce. An zaɓi kalmar daji a nan ne domin ita ce kishiyar gida a tunanin Bahaushe.

3.0 Gida da Daji a Umuofia

Tun daga sunan garin aka ƙulla wannan zance. A harshen Ibo *umu* na nufin 'ya'ya, *ofia* kuwa daji, watau Umuofia 'ya'yan daji ke nan. A babi na 1, wajen yabon kokawar da Okonkwo ya kayar da Amalinze yana ɗan shekara 18, dattawa sun kwatanta ta da wadda wanda ya kafa garin ya yi da wani iskan daji kwana bakwai, dare da rana. Ashe gida abu ne da aka ƙwato daga daji da ƙarfin damtse, kuma jarumi shi ne wanda ya iya ƙwatowa ya kuma iya tsarewa.

Sai dai kowane gari a ƙasar yana da wani yanki da ake kira Mugun Daji. Can ake kai waɗanda suka mutu da kuturta ko agana, can ake zubar da kayan tsafin manyan bokaye idan sun mutu, can ake yar da mai ciwon kumburi tun da sauran numfashinsa. Tagwaye kuwa a tukunyar ƙasa ake sa su a kai daji a bari. Idan aka dubi wannan jeri da kyau za a ga cewa abin da ya cika Mugun Daji duk daga gida ya fito. Ba zaki ko damisa ne suka sa masa wannan suna ba. Juji ne na abin da gari ya ga ba zai iya riƙewa ba, kuma yawancin abin da ke jujin mutane ne.

Achebe bai nuna wannan tsari a matsayin hauka ko mugunta zalla ba. A babi na 10, dodanni tara masu wakiltar kakanni sun fito dandali don yin shari'a, kuma sunan shugabansu Mugun Daji. Shi ne ya saurari ƙarar Uzowulu mai dukan matarsa, ya umurce shi ya ɗauki giya ya je ya ba surukansa haƙuri. Watau dajin nan da ake tsoro shi ne kuma yake shigowa gari ya sasanta aure. Akwai ciniki tsakanin wuraren biyu: gida na ba daji abin da ya ƙi, daji na ba gida kwarjinin da doka ke bukata. Wannan ciniki ya tsare Umuofia shekaru aru-aru, amma da rayukan raunana ake biyan kuɗinsa. Ko Obierika, wanda ya fi kowa tunani a littafin, ya tuna a babi na 13 da tagwayen matarsa da ya yar, ya tambayi kansa laifin da suka yi, bai sami amsa ba.

4.0 Jaruntakar Okonkwo

Ba wanda zai ce Okonkwo matsoraci ne a fagen fama. Ya kawo kan mutum biyar daga yaƙi, ya tara rumbunan doya daga irin da ya ara. Amma marubucin ya fito fili a babi na 2 ya ce tsoro ne ke mulkin rayuwarsa, kuma tsoron ya fi na daji da iskoki zurfi: tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa. Unoka mabushin sarewa ne, maci bashi, wanda bai riƙi ko laƙabi ɗaya ba, ya kamu da kumburi aka kai shi Mugun Daji ya mutu ba kabari. Da harshen karin maganar da aka fara da ita, Okonkwo ya gama da tsoron daji, kunyar gida ce ta ci shi.

Kisan Ikemefuna a babi na 7 shi ne ya tona wannan asiri. Yaron ya shekara 3 a gidan, yana kiran Okonkwo baba. Da gunki ya yanke a kashe shi, dattijo Ezeudu ya zo takanas ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu. Abin lura a nan shi ne ƙaryar da aka yi wa yaron: an ce masa gida za a mai da shi. Ya ɗauki tulun giya a ka, ya bi manya cikin kurmi yana tunanin uwarsa da ƙanwarsa. Da sunan gida aka kai shi daji. Da aka sare shi ya ruga wurin wanda yake kira uba, sai uban ya zare adda ya ƙarasa shi, don gudun kada a ce ya yi rauni. Babu wata dabba ko aljani a wurin da za a ji tsoro. Idon 'yan garinsu ne ya biyo shi har tsakiyar kurmi.

Domin a gane cewa al'adar Ibo ta san wata jaruntaka dabam, marubucin ya kawo misali biyu. Obierika ya ƙi zuwa wajen kisan, ya kuma gaya wa abokinsa a fuska cewa wannan aiki ba zai yi wa ƙasa daɗi ba. Ekwefi kuwa, wadda ta haifi 'ya'ya goma tara suka mutu, ta bi matsafiya Chielo cikin baƙin dare a babi na 11 sa'ad da aka ɗauke mata Ezinma, tana rawar jiki don tsoro, amma ta rantse in ta ji kukan 'yarta za ta faɗa kogon gunkin ko da za ta mutu. Ita ta shiga daji don ta komo da ɗa, mijinta ya shiga ya baro ɗa. A kan wannan bambanci ne sauran labarin ya ginu.

5.0 Coci a Mugun Daji

Nwoye, ɗan farin Okonkwo, ya ji wani abu ya tsinke a ƙirjinsa sau biyu: ranar da suna komowa daga gona ya ji kukan jariri a cikin kurmi, da daren da ubansa ya komo ba tare da Ikemefuna ba. Sa'ad da 'yan mishan suka iso Mbanta a babi na 16, bayanin da suka yi game da Triniti bai gamsar da kowa ba, har Okonkwo ya ɗauke su mahaukata. Abin da ya kama Nwoye waƙa ce, wadda ya ji kamar ta taɓo tambayoyin nan biyu da suka daɗe suna cin sa. Achebe ya yi hattara ƙwarai a nan. Bai ce yaron ya gano gaskiyar wata aƙida ba, ya nuna ne cewa yaron ya sami waɗanda su ma kukan da ke fitowa daga daji ya dame su.

A babi na 17 baƙin suka roƙi fili don gina coci. Uchendu, kawun Okonkwo, ya ba da shawara a ba su wani yanki na Mugun Daji, tun da suna alfaharin sun fi ƙarfin mutuwa. Dattawa sun zaci kowane mai hankali zai ƙi wannan kyauta, sai ga baƙin sun karɓa da godiya da waƙa. Aka ce ba za su kwana huɗu ba, suka wuce. Aka ce haƙurin kakanni ba ya wuce kasuwa bakwai, watau kwana 28, wannan ma ya wuce ba wanda ya mutu.

Ga mai karatun da ya san Littafi Mai Tsarki na Kirista, wannan zama a daji ba baƙon abu ba ne. A cikinsa Isra'ilawa sun shekara 40 a jeji kafin su shiga ƙasar alkawari, Yahaya Mai Baftisma a jeji ya yi wa'azi, Yesu Almasihu ya yi azumin kwana 40 a jeji aka jarrabe shi. A wannan addini jeji wurin gwaji ne da tsarkakewa, wanda mai bi ke ratsawa da bangaskiya. Saboda haka kyautar da dattawan Mbanta suka yi da nufin halaka ta faɗa daidai cikin labarin da baƙin suka riga suka sani game da kansu. An ba su fagen da suka fi kowa shirin shiga.

A dubi kuma waɗanda suka cika cocin. Akwai marasa laƙabi waɗanda ba a sauraron maganarsu a taro. Akwai Nneka matar Amadi, wadda ta haihu sau huɗu duk tagwaye aka yar, ta gudu coci da tsohon ciki. Akwai tagwayen da Kiristoci ke tsintowa, waɗanda ba su taɓa shigo da su gari ba, har mutanen Mbanta suka ɗauka cewa yaran suna nan inda aka yar da su. Wannan ɗan bayani na babi na 18 ya ƙunshi jigon gaba ɗaya. A idon gari ba abin da ya sake, jujin na nan a matsayinsa. A idon waɗanda ke ciki kuwa an share wuri, an yi rufi, ana renon yara. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa daji. Mbanta ta yi ta kai wa daji alhali gidan na da masu yunwa, har dajin ya ƙoshi ya fara kiran 'ya'yan gida.

Babbar jarrabawar wannan sabon gida ta zo ne daga cikinsa. Da *osu* biyu suka shigo coci, watau mutanen da aka keɓe wa gunki, waɗanda ba a aure da su, ba a zama da su, ba sa aski, kuma a Mugun Daji ake binne su, sai sababbin Kiristoci suka tayar da hankali suka nemi a kore su. Malam Kiaga, mai kula da cocin, wanda shi ma Ibo ne, ya tsaya kai da fata cewa ba bawa ba ɗa a gaban Allah. Mutum ɗaya ya fice ya koma gargajiya, Kiaga bai janye ba. Ya kuma juya kan *osu* ɗin ya ce sai sun aske gashin da ke alamta ƙasƙancinsu, alhali sun yi imani askin zai kashe su. Suka aske. A nan ne aka ga jaruntakar da ta saɓa wa ta Okonkwo. Kiaga ya fuskanci abin da Okonkwo ya kasa fuskanta, watau fushin mutanensa da zargin cewa ya zubar da mutunci, ya jure. Dukansu biyu an gwada su da kunyar gida a tsakiyar daji, ɗaya ya sare yaro, ɗaya ya buɗe ƙofa.

Sunan da Nwoye ya ɗauka bayan baftisma ma abin dubawa ne. An kira shi Isaac, watau Ishaku, wanda a riwayar Littafi Mai Tsarki na Kirista shi ne ɗan da Ibrahim ya kai zai yanka aka fanshe shi da rago. Ɗan'uwan Ikemefuna, wanda ba a sami ragon fansarsa ba, ya ɗauki sunan ɗan da ya komo gida da rai.

6.0 Inda Wannan Jaruntaka ta Tsaya

Kuskure ne a tsaya a nan a ce littafin waƙar yabon mishan ce. Akwai abubuwa uku da marubucin ya ajiye don su rage wa wannan fassara kaifi.

Na farko, tun a babi na 15, kafin 'yan mishan su taka Mbanta, Obierika ya kawo labarin yadda aka karkashe mutanen Abame a ranar kasuwa saboda sun kashe wani Bature mai keke. Ke nan duk wanda zai ɗaga hannu a kan coci ya san abin da ke bayanta. Bangaskiyar Kiaga gaskiya ce, amma a inuwar bindiga ta yi girma, ko ya so ko bai so ba.

Na biyu, da cocin ta yi ƙarfi sai halinta ya sake. Bayan tafiyar Mista Brown mai lallashi, wanda yakan zauna da dattijo Akunna su yi muhawara, sai aka kawo Rabaran James Smith mai tsanani. A zamaninsa Enoch ya tone fuskar dodo a bainar jama'a, abin da a wurin Umuofia kisan kakanni ne. Enoch ba shi da bambanci da Okonkwo sai na tufafi, zafin kai ɗaya ne. Gaskiya ne Smith ya nuna ƙarfin hali a babi na 22 da ya tsaya gaban dodanni bai gudu ba, ko da yake ya ji tsoro. Amma wanda ya yi magana da dattako a ranar shi ne shugaban dodannin, Ajofia, wanda ma'anar sunansa ita ce Mugun Daji. Ya ce ba za a taɓa lafiyar Baturen ba, yana iya zama ya bauta wa abin bautarsa, ginin kawai za a rushe. Tafinta Okeke kuwa sassauta kalaman Smith ya yi don kada jini ya zuba. Abin da ya biyo baya shi ne Di'o ya yaudari dattawa shida ya tsare, masinjojin kotu suka yi musu askin wulaƙanci, aka ci garin tarar buhun wuri 200, masinjojin suka mai da ita 250. Aski biyu ke nan a littafin: na *osu* da ya ɗaga su zuwa matsayin 'ya'ya, da na dattawa da ya sauke su zuwa matsayin fursunoni. Duka biyun da zuwan Bature suka zo.

Na uku yana cikin littafin Achebe na biyu, *No Longer at Ease*, na 1960. A can Isaac Okonkwo ya tsufa yana malamin coci mai ritaya, ɗansa Obi ya zo da maganar auren Clara, sai uban ya ƙi domin ita *osu* ce, yana tsoron abin da za a ce da jikokinsa. Yaron da ya bar gidan ubansa saboda waɗanda aka yar ya wayi gari yana yar da wata. Da dajin ya zama gida sosai, sai kunyar gida ta shigo ta zauna, sabon gidan ya shata nasa Mugun Dajin.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Umuofia ta tsare gidanta ta hanyar tura abin da ta ƙi zuwa daji, da yadda Okonkwo, wanda ba ya tsoron daji, ya zama bawan kunyar gida. An ga kuma yadda 'yan mishan suka karɓi jujin gari suka mai da shi mazauni, da irin ƙarfin halin da wannan ya bukata, da kuma inda ƙarfin halin ya jingina da mulkin mallaka ko ya gaji a hanya. Ƙarshen Okonkwo ya rufe zancen. Bayan ya sare masinjan kotu ya ga ba wanda ya bi bayansa, sai ya rataye kansa a wata bishiya cikin ɗan kurmin da ke bayan gidansa. Al'ada ta hana danginsa taɓa gawar, sai baƙi ne za su sauke ta su binne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gudun makomar ubansa ya tarar da ita taku kaɗan daga katangarsa.

Ga malamin da ke koyar da wannan littafi, tambayar ko al'adar wa ta fi ta wa ba za ta kai ɗalibi nesa ba. Tambayar da labarin ya fi ɗauka ita ce: su wa gari ya kai daji, wa ya ji kukansu, kuma me ya faru da mai jin kukan bayan ya sami gidan kansa? Manazarcin adabin Hausa ma zai amfana da wannan ma'auni idan ya koma kan tatsuniyoyin da ake korar marainiya ko 'yar bora zuwa daji ta komo da arziki, domin a can ma abin da gida ya yar ne ke dawowa ya yi wa gida hukunci.